Ƙwallon gem ɗina ta ƙi rabuwa da katako, masu Scratch ku taimaka

Sabon Hannu:
Salam jama'a. Dan Allah masu Scratch, manhajar nan da ake kodin da jera bulo masu kala maimakon rubutu, a gurup ɗin nan ku taimaka min. Yau kwana huɗu ina haɗa ɗan gem irin na da ɗin nan, katako a ƙasa kana jan shi hagu da dama, ƙwallo na yawo kana tare ta kar ta faɗi. Komai ya tafi daidai har na zo wajen da ƙwallon za ta daki katakon ta koma sama. Wani lokacin ta koma lafiya lau, wani lokacin kuma sai ta maƙale a jikin katakon tana karkarwa kamar mai jin sanyi, maki kuma ya yi ta hawa, jiya ina kallo daga 3 ya tafi 41 a taɓawa ɗaya. Na goge na sake har sau uku, abu ɗaya ne. Ban taɓa kodin ba, wannan ne na farko.

Malamin Kwamfuta:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Da farko dai ka daina gogewa, abin da ka haɗa ba lalatacce ba ne, guri ɗaya ne ya cije. Rubuto mana yadda ka jera bulon ƙwallon daga sama zuwa ƙasa, kar ka tsallake ko ɗaya.

Sabon Hannu:
Toh Malam ga shi. In an danna koriyar tuta mai fara gem, ƙwallo ta je tsakiya, ta fuskanci 45. Sai bulon "har abada", a cikinsa: yi taku 10, in ka kai baki ka dawo, sannan idan kana taɓa katako ka fuskanci 180 a debe inda kake fuskanta yanzu, ka ƙara maki 1. Shi ke nan.

Malamin Kwamfuta:
Yauwa. Lissafinka na 180 ɗin nan daidai ne, ba shi ne matsalar ba. Ka duba, a Scratch 0 sama ne, 90 dama, 180 ƙasa, -90 hagu. Ƙwallon da ke gangarowa ƙasa ta dama tana fuskantar 135, ka debe shi daga 180 ya ba ka 45, wato sama ta dama. Lafiya lau.

Inda abin yake shi ne, ƙwallon ba tafiya take a hankali ba, tsalle take, taku 10 a lokaci guda, kuma Scratch yana zagaya wannan bulon kamar sau 30 a daƙiƙa ɗaya. Toh wani lokacin tsallen yana kai ta can cikin jikin katakon. Ka juya ta, ta yi taku 10 sama amma ba ta gama fita ba, har yanzu tana taɓa katako, sai ka sake juya ta, 180 a debe 45 ya dawo 135, ta sake nufar ƙasa. Sama, ƙasa, sama, ƙasa. Karkarwar da kake gani ke nan, kuma kowace juyawa maki ɗaya ce shi ya sa ka ga 41.

Mai Zane:
Ni da ya faru da ni bulon "jira har sai" na sa, jira har sai ba ka taɓa katako. Ya yi min aiki.

Malamin Kwamfuta:
Ya yi miki aiki ne 'yar'uwa saboda tafiyar ƙwallonki tana wani jeri daban. Shi nasa duk a jeri ɗaya suke, in ya sa jiran nan ƙwallon za ta tsaya cak tana jiran ta rabu da katako alhali bulon da zai motsa ta yana bayan jiran. Sai dai in shi ya janye katakon.

Mai Zane:
Haka ne kuwa Malam, nawa biyu ne, na tafiya daban na taɓawa daban. Ban ma lura shi ne dalili ba.

Malamin Kwamfuta:
Abin da na fi so shi ne ka tambayi ƙwallon abu biyu maimakon ɗaya: kina taɓa katako, KUMA ƙasa kika nufa? In sama ta nufa ka ƙyale ta ta wuce. A cikin korayen bulo na lissafi akwai mai "da", akwai kuma wanda ke cire alamar debewa daga lamba, an rubuta abs a jikinsa. Ka sa inda take fuskanta a ciki, in ya fi 90 toh ƙasa ta nufa, ko ta dama ko ta hagu. Gwada ka gaya mana.

Sabon Hannu:
Allahu akbar ya yi!! Na buga kusan minti goma ko sau ɗaya ba ta maƙale ba, maki ɗaya-ɗaya yake hawa. Malam Allah ya saka da alheri, wallahi da har na fara tunanin kwamfutar ce.

Ɗan Python:
Ina taya ka murna, amma ni fa gaskiya zan faɗa ko da ba za ta yi daɗi ba. Babban mutum ya kwana huɗu yana jan bulo masu kala da linzami, da kwana huɗun nan ya sa su a Python, yaren kodin da ake rubutawa da hannu, da yanzu ya san abin da zai amfane shi. Scratch na yara ne, su kansu masu shi sun ce 'yan shekara 8 zuwa 16 suka yi wa. Ba wanda zai ɗauke ka aiki don ka iya Scratch. In kodin kake so ka koyi kodin.

Malama Mai Lissafi:
Ɗan'uwa ka koma sama ka karanta abin da ya faru yanzun nan a gabanka. Ya samu matsala, ya bayyana ta tsaf, aka bi ta zagaye bayan zagaye aka gano sharaɗin da ya ɓace, ya ƙara shi. Wannan in ba kodin ba ne mene ne? Wannan matsalar ta ƙwallo mai maƙalewa a katako, wanda ya rubuta gem ɗin da Python ma sai ya ci karo da ita, kuma maganin ɗaya ne, ka duba inda ta nufa kafin ka juya ta. Bambancin kawai shi bai ɓata kwana biyu yana neman inda ya manta digo biyu ko inda layi ya goce ba.

Ɗan Python:
Malama ai neman digo biyun ma karatu ne. Wata rana dole ya fuskance shi.

Malama Mai Lissafi:
Zai fuskanta mana, amma ba dole ya ɗauki kaya biyu a rana ɗaya ba. Mai koyo yana fama da abu biyu ne, yadda ake tunanin da kuma yadda ake rubuta shi. Bulo ya ɗauke masa na biyun na ɗan lokaci, tunda bulon da bai dace da guri ba ba zai ma shiga ba, mai tsini shida na sharaɗi ne, mai zagaye na lamba ne ko rubutu, ido ma ya gaya maka. Ni na koyar da duka biyun. Ɗalibin da ya taɓa haɗa gem da bulo, ranar da na rubuta masa madauki a Python cewa yake au wannan ai "maimaita" ne. Wanda bai taɓa ba sai mu yi sati muna kai.

Injiniya:
Bari in sa baki kaɗan. A jami'ar Harvard ta Amurka, kwas ɗinsu na shiga kimiyyar kwamfuta da ake kira CS50, darasin farko da Scratch ake yin sa, kafin a shiga C sannan Python. Ba yara ba ne a ajin. Jami'ar Berkeley ma suna da nasu mai suna Snap!, daga Scratch aka samo shi, suna koyar da manya da shi. Shi kansa Scratch a jami'ar MIT ta Amurka aka yi shi, ƙungiyar Mitchel Resnick, ya fito 2007, wanda muke amfani da shi yanzu na uku ne da ya fito a farkon 2019.

Amma Ɗan Python bai yi ƙarya gaba ɗaya ba. Scratch na da iyaka kuma za ka ji ta a jikinka. Bulon da ka ƙirƙira da kanka ba ya iya dawo maka da amsa kamar yadda fankshin ke yi a sauran yaruka, sai ka bi ta bariyabul, wato ma'ajin lamba ko rubutu mai suna. Kwafin da abubuwan cikin gem ke yi na kansu ba ya wuce 300. In aiki ya girma kuma sai ka ga kana ta jan allo kana neman jeri ɗaya a cikin hamsin. Ranar da ka fara jin bulo na rage maka gudu, ranar ce ta tashi.

Ɗan Python:
Toh a nan mun haɗu Injiniya. Tsorona mutum ya zauna a ciki shekara biyu yana ganin ya iso.

Malamin Kwamfuta:
Wannan tsoron na yarda da shi. Amma wanda ke kwana na huɗu ba shi ake gaya wa ba tukuna. A bar shi ya gama gem ɗaya da hannunsa, daga tuta har "ka faɗi", ya ba wani ya buga. Na ga mutane da yawa da suka fara da manyan yaruka, sun kalli darasi arba'in, amma ba su taɓa gama abu ɗaya da wani zai iya taɓawa ba.

Maman Biyu:
Sannunku da ƙoƙari, ina ta bin ku a hankali. 'Yata shekararta 9, kullum tana kan wayata tana buga gem, na ce gara ta koyi haɗawa. Ni ban san komai a kai ba. Ta ina za mu fara, kuma dole sai da intanet? Ƙaninta kuma shekara 6.

Malama Mai Lissafi:
Sannu Hajiya. Mai 9 ɗin Scratch ya dace da ita. Yana buɗewa a burauza kyauta, kuma akwai wanda ake saukewa a kwamfuta sau ɗaya a ci gaba da aiki ba intanet, aikin yana ajiyuwa a fayil mai ƙarewa da sb3. Akwai inda ake canza yare a sama, ki duba akwai Hausa a jerin. Ƙaramin kuma ScratchJr, na 'yan 5 zuwa 7 ne, bulonsa hotuna ne ba sai ya iya karatu ba.

Shawarata kar ki fara ta da gem. Ranar farko ta sa magen nan da ke fitowa in an buɗe Scratch ta yi tafiya ta yi kuka kawai. Rana ta biyu ta motsa ta da maɓallan kibiya. Ta uku a sa wani abu ya riƙa faɗowa daga sama tana tarewa, toh gem ya samu ke nan ba ta ma sani ba. Kuma dan Allah in abu ya ƙi, kar ki karɓi linzamin daga hannunta, ki tambaye ta me kika ce masa ya yi, me ya yi. Sau da yawa tana cikin ba ki amsa za ta gano.

Maman Biyu:
Na gode sosai Malama, Allah ya ƙara basira. Laftof ɗin babansu za mu gwada.

Sabon Hannu:
Jama'a na dawo. Na ce in ƙwallo ta kai -180 a tsaye a rage rai ɗaya, amma ko na janye katakon gaba ɗaya rai ba ya raguwa, sai ta daki ƙasa ta dawo abinta. Sannan katakon in na danna kibiya sai ya matsa sau ɗaya, ya ɗan tsaya, sannan ya ci gaba, kafin nan ƙwallo ta wuce.

Mai Zane:
Na farkon na sani! Filin faɗinsa 480 ne tsayinsa 360, wato ƙasa can shi ne -180, amma lambar da Scratch ke ba ka ta tsakiyar ƙwallon ce. Gefenta na taɓa baki bulon dawowa zai juya ta, tsakiyar ba za ta taɓa kai -180 ba. Ka zana jan layi siriri a ƙasan katako a matsayin sifirait daban, wato abu mai zaman kansa kamar ƙwallo da katako, ka ce in ta taɓa shi a rage rai, a mayar da ita tsakiya, a jira daƙiƙa 1. Kar ka manta mayarwar, in ba haka ba rayuka ukun za su tafi a lokaci guda kamar yadda makinka ya yi.

Malamin Kwamfuta:
Ta faɗi daidai. Na biyun kuma na san ruwan ɗorawar bulon nan ka ɗauka mai cewa "in an danna maɓalli". Shi yana bin yadda kibod ke yi ne in kana rubutu, ka danne harafi ya fito sau ɗaya, ya ɗan jira, sannan ya yi ta fitowa. Ga gem ba ya yi. Ka sa "har abada", a ciki ka sa idan guda biyu: idan kibiyar dama na danne ƙara 12 a kwance, idan ta hagu na danne rage 12. Zai tafi sumul. In kuma kana so a buga a waya, ka ce katako ya bi inda linzami yake a kwance, yatsa zai ja shi.

Ƙari ɗaya da zai canza gem ɗin gaba ɗaya. Yanzu ƙwallonka kusurwa ɗaya take bi har abada, mai bugawa ba shi da ta cewa sai tarewa. Maimakon 180 ɗin, ka ɗauki inda ƙwallo take a kwance ka debe inda katako yake, ka ninka da 1.5, ka ce ta fuskanci abin da ya fito. In ta daki tsakiya ta miƙe sama, in ta daki gefen dama ta karkata dama. In rabin katakonka 40 ne, ƙarshen karkatar 60 ke nan. Daga nan mutum zai fara saiti.

Sabon Hannu:
Kai Malam wannan na ƙarshen!! Ƙanwata ta karɓa ta ƙi ba ni, tana ta ƙoƙarin dukan ƙwallon da gefe. Yanzu ina so in sa tubala a sama ana fasawa.

Injiniya:
Ka bi tarihin abin daidai ba ka sani ba. Pong na kamfanin Atari ya fito 1972, katako da ƙwallo kawai, sai 1976 suka fito da Breakout mai tubalan. Kar ka zana tubali 32 ɗaya-ɗaya. Ka zana ɗaya, ka ɓoye shi, ka sa ya riƙa yin kwafin kansa. Ya fara daga -210 a kwance, 150 a tsaye. Maimaita 8: yi kwafi, matsa 60. In layi ya cika ya koma -210 ya sauko 30. Wannan duka a cikin maimaita 4. Kowane kwafi in ya tashi ya bayyana kansa, ya jira ƙwallo, in ta taɓa shi ya ƙara maki ya goge kansa.

Ɗan Python:
Madauki a cikin madauki ke nan. Toh wannan kam ko a Python haka za ka rubuta shi, ban musa ba.

Sabon Hannu:
Tubala sun jeru gwanin kyau, har na ba kowane layi kalarsa. Amma abu biyu. Wani lokacin ƙwallo na fasa tubali ta wuce ta cikinsa ba ta dawo ba, ta share layi guda. Na biyu kuma ya fi ba ni tsoro, da na cinye duka na aika saƙon "sabon mataki" don su sake jeruwa, karo na farko lafiya, amma da na sa saƙon ya tafi in rai ya ragu ma sai tubala suka cika ko'ina a kan juna, gem ɗin ya yi nauyi, can kuma suka daina fitowa gaba ɗaya.

Malama Mai Lissafi:
Na biyun ka zauna ka lissafa da kanka za ka ji daɗinsa. Saƙo in ya tafi ba uwar tubalin kaɗai ke ji ba, duk kwafin da ke raye yana ji, kuma kowanne yana ɗauke da jerin bulo iri ɗaya da na uwar. Da ka cinye duka ba kwafi ko ɗaya, uwar kaɗai ta ji ta haifi 32. Amma a ce saura tubali 20 rai ya ragu, su 20 ɗin da uwar kowa zai fara haifar 32 nasa, 21 sau 32 ya haura 600, Scratch kuma yana kai 300 zai ƙi ƙarawa. Shi ya sa suka daina. Magani: a ƙarƙashin "in na karɓi sabon mataki" bulo na farko ya zama "maimaita 1" da "goge wannan kwafin" a cikinsa, tunda shi bulon gogewar ba a iya jona masa wani a ƙasa. Kwafi zai mutu a nan, uwar kuma bulon ba ya yi mata komai, sai ta wuce ta jera sababbi ita kaɗai.

Malamin Kwamfuta:
Na farkon kuma rige-rige ne. Tubali na duba ko ƙwallo ta taɓa shi, ƙwallo na duba ko ta taɓa tubali, kuma Scratch ɗaya bayan ɗaya yake bin su. In tubalin ya riga, ya goge kansa, ƙwallo ta zo dubawa ta tarar ba kowa sai ta wuce. Ka bar mutum ɗaya ya yanke hukunci. Tubali in an taɓa shi ya aika saƙon "dawo" sannan ya goge kansa, ƙwallo in ta karɓi saƙon ta juya da 180 ɗinka na farko, ka cire nata duban.

Mai Zane:
Wai ni kaɗai ce ke amfani da MakeCode Arcade a nan? Na Microsoft ne, shi ma bulo ne a burauza, amma don gem kawai aka yi shi. Maki da rai da "in wannan ya hau kan wancan" duk a shirye suke. Allonsa ƙarami ne 160 da 120, kala 16, sai gem ɗin ya fito kamar na da sak. Kuma Yaya Ɗan Python akwai maɓalli a sama da za ka danna bulonka su koma JavaScript ko Python ka ga yadda aka rubuta su.

Ɗan Python:
Wannan maɓallin shi ne abin da nake so a gaya masa tun ɗazu. In ya gama wannan ya sake haɗa gem ɗin a can, ya danna ya karanta. Ya lura dai a can 0 da 0 a kusurwar sama ta hagu suke, kuma lamba na ƙaruwa ne in kana sauka, ba kamar Scratch ba. Haka yake a yawancin kayan haɗa gem, gara ya saba.

Sabon Hannu:
In sha Allah Yaya, na rubuta. Duka biyun sun gyaru. Saura abu ɗaya, ƙanwata ta ce gem ɗin ya yi sauƙi, ta kai mataki na biyar ba ta rasa rai ba.

Injiniya:
Cire 10 ɗin da ke cikin bulon taku, ka yi bariyabul mai suna gudu ka sa a gurin. Ya fara da 7, duk tubali 8 da aka fasa a ƙara 1. A gem ɗin Space Invaders na 1978 dodannin na ƙara sauri in sun ragu ne saboda na'urar ta samu sauƙin zana su, Tomohiro Nishikado da ya haɗa shi ya bar abin haka don ya ga ya ƙara armashi. Kai da gangan za ka yi naka. Amma ka sa masa iyaka, in takun ya fi kaurin katako da ƙwallon a haɗe za ta tsallake shi ba ta taɓa ba, yanzu tana sama, zagaye na gaba tana ƙasa. Kuma ka mayar da gudu 7 a ƙarƙashin tuta, bariyabul ba ya komawa da kansa.

Sabon Hannu:
Na sa iyaka 16, na ƙara wa katako kauri kaɗan. Ta faɗi a mataki na uku da maki 81, yanzu tana cewa in ƙara mata rai ɗaya in ta kai 50. Malam a jerin tubali zan sa wannan ko a na ƙwallo?

Malamin Kwamfuta:
Ba ko ɗaya ba, sa shi a jerin filin da kansa. Tuta, jira har sai maki ya wuce 49, ƙara rai 1. Kar ka sa shi cikin "har abada".